Dokar Kaji a Gidan Surukina

A ƙofar gida aka tsayar da ni ranar da na je Anka duba ɗiyata Hidaya. Mijinta ne da kansa ya tsayar da ni, Saifullahi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi Inna, wato surukarsa, da mutanen ƙauyenmu Sunke, ya tambayi hanya, sannan ya miƙe ya cika ƙofar da jikinsa.

"Baba, ka yi haƙuri da tambaya. Akwai kaji a gidanku?"

Na dube shi. Wane gida ne a ƙauye babu kaji? Na ce akwai na Tabawa, uwar matarsa, kuma ya sha cin ƙwansu lokacin da yake zuwa zance.

Ya ce to shi ke nan, ba zan shiga ba. Ya je bita ta kiwon kaji, an koya musu dokoki, kuma ya zuba kajin turawa a cikin gidan. Ya shiga jero mini dokokin yana lanƙwasa yatsu kamar mai wa'azi. Duk wanda ke da kaji a gidansa ba ya shiga inda ake kiwo, domin cuta a tafin ƙafa take tafiya. Mai kula da kaji ba ya shiga gidajen mutane. 'Yan tsaki ba sa son iska, sai an rufe taga an hura musu gawayi. Ba a sayar da kaza marar lafiya, ba a sayar da wadda take kan magani. Ɗakin kaji kuma nesa yake da ɗakin kwanan mutane.

Na ce, "To ina naka ɗakin kajin?"

Ya ce ya fara gina rumfa a gonarsa ta bayan gari, amma kowa ya san yadda daji ya zama, ba mai kai dukiyarsa can ya bari. Shi ya sa ya kawo su gida. Gidan ɗaki biyu ne. Ɗaya nasa ne, mai kujeru da talabijin, inda abokansa ke zama kallon ƙwallo, su da alama ƙafafunsu ba sa ɗaukar cuta. Ɗayan na Hidaya ne.

"Wannan dokar ta ƙarshe ta masu fili ce, Baba. Mu ƙanana sai a hankali."

Ya leƙa ya kira ta. Ta fito ta tsaya can cikin zaure, tsakanina da ita akwai wata roba cike da ruwan magani mai wari wadda ake tsoma ƙafa. Cikinta na fari ya fito. Ta gaishe ni tana murmushi, amma kafin ta gama tambayar ƙannenta sai da ta tsaya ta ja numfashi sau biyu. Na san wannan jan numfashin. Tana ƙarama ta yi fama da fuka, mun sha zaman asibiti da ita, sai da ta girma abin ya lafa. Saifullahi ya san da haka, domin ban ɓoye wa iyayensa ba ranar da suka zo neman aure.

Na ce, "Ke, ƙirjin ne?"

"Mura ce, Baba."

Mijin ya amsa mini kafin ta ƙara. "Mura ce. Zan sayo mata citta."

Na miƙa mata ƙullin gyaɗa da daddawar da uwarta ta aiko. Shi ya karɓa, ya ajiye a waje, ya ce sai sun sha rana tukuna.

Da na koma Sunke na gaya wa Tabawa, ta ci gaba da kwashe tuwo har ta gama. Sannan ta ce, "Wato don kajina na ba ni ganin ɗiyata?" Na ce haka ya faɗa. Washegari ta sa aka kama su duka. Kajin nan tun daga wata kaza da innarta ta ba ta suke, da su take fita kunyar biki da suna, ta san kowace da halinta. Aka kai wasu kasuwa, aka yanka wasu, har da wadda ke kwance kan ƙwai. Ta share akurkin ta zuba toka, ta wanke tufafinta, ta ce, "Tashi mu tahi. In ga kuma mi zai ce."

Ya sami abin cewa. Ya ce cuta tana daɗewa a jikin ƙasa, amma saboda girman Inna zai bar ta ita kaɗai ta shiga, in ta tsoma ƙafa ta bar takalmanta a waje. Matar da ta haifi matarsa ta tsaya a zaure tana wanke ƙafa a gabansa kamar wadda ta taka najasa. Ni na zauna a kan dakali ina kallon mashinan da ke wucewa.

Ba ta daɗe ba ta fito, idanunta jajur. Na ɗauka kuka ta yi. Ta ce ba kuka ba ne, warin ɗakin ne ke cin ido. A hanya ta ba ni labari. An tura gadon Hidaya lungu guda, an kewaye sauran ɗakin da kwali, an zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, 'yan tsaki sun cika shi fal. Tagar an toshe ta da buhu. Kaskon gawayi yana ci ba dare ba rana, kuma Hidaya ce mai ƙara masa wuta. Kwanukan jeren da Tabawa ta yi shekaru tana tarawa ƙura ta rufe su, har ana iya rubutu a kai da yatsa. Manyan kajin kuma, na zubin farko, suna tsakar gida da madafa, sai an ture su ake hura wuta. Hidaya ke ɗebo musu ruwa, ita ke wanke mazubai, ita ke durƙusawa da wannan ciki ta kankare kashinsu ta zuba a buhu, domin har kashin sayarwa yake yi wa masu lambu.

"Shi kuma mi yake yi?" na tambaya.

"Shina auna su. Yana da ɗan sikeli, ya kama kaza ya ɗora, ya yi murmushi."

Mu mutanen Sunke ba a koya mana abin da ƙura a cikin ɗakin kwana take yi wa ɗan Adam. Mun gani da idonmu shekarar da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida, mun san gidajen da suka yi shiru bayan an binne yaransu. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina cikin gona sai in ajiye fartanya in hau tudu in nemi sabis in kira Hidaya. Za ta ce lafiya lau, ni kuma ba maganarta nake saurare ba, ƙarar da ke fita tsakanin kalmomin nake saurare, kamar ana busa cikin kara.

Akwai hanyar da al'ada ta ba ni. Cikin fari ne, idan ya shiga wata bakwai yarinya gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego. Ba alfarma ba ce, kowa haka yake yi. Na sa babbar riga na tafi wurin ƙanen mahaifin Saifullahi, Malam Tasi'u, wanda ya karɓar masa aure. Mahaifiyar Saifullahi, Hajiya Salamatu, tana daga cikin ɗaki tana jin mu.

Malam Tasi'u ya ce, "Malam Namadi, maganarka gaskiya ce. Amma ka ga Salla ta matso. Yaron nan duk abin da ya mallaka yana cikin kajin nan. A bari ya fitar da su, da kaina zan kawo ta."

Na ce numfashinta ba zai jira Salla ba.

Hajiya ta ɗaga murya daga ciki. "Wace mai ciki ce ba ta haki? Mu da muka yi daka da surfe har ranar naƙuda? 'Yan yanzu daga zuba wa kaji ruwa sai a ce za su mutu. Ku gode wa Allah da Ya ba ɗiyarku miji mai zuciyar nema. Bai shiga daji ba, bai tafi ramin zinari ba, ba ya shaye-shaye. Halal yake nema, kuma ita za ta ci."

Na ce, "Hajiya, to a mai da 'yan tsakin ɗakinsa, ita ta koma mai kujeru."

Sai ka ce na yi saɓo. Malam Tasi'u ya gyara hula ya ce, "Haba Malam. Magidanci ya kwana da kaji? In baƙi suka zo fa?"

Na je wurin shi Saifullahin. Ya sake durƙusawa, ya iya durƙuso ƙwarai. Ya ce ba ya ƙin al'ada, amma in ta tafi wa zai riƙe aikin? In ya ɗauko yaro daga waje, yaron gidansu akwai kaji. Hidaya ce kaɗai ya tabbata ba ta zuwa ko'ina. Da bakinsa ya faɗa, ko kunya bai ji ba. A nan na gane ta daina zuwa awon ciki, domin a layin awo mata ke zama, kuma kowace da kaji a gidanta. Ta daina zuwa Islamiyya. An yi rasuwa a maƙwabta ba ta shiga gaisuwa ba, har mutanen unguwa suka fara cewa girman kai gare ta. Idan zai fita kuma kwaɗo yake sa wa ƙofar ta waje, wai kada yara su faɗa masa gida da ƙafafunsu.

Ana cikin haka kajin suka fara atishawa suna sauke fukafukai. Kafin azahar ya ɗauko likitan dabbobi a bayan mashin. Da suka ƙara zubewa ya sake ɗauko shi. An jiƙa magani kala-kala a ruwansu, an ƙara gawayi, an ƙara toshe inda iska ke shiga. Matarsa kuwa a lokacin ba ta iya kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango, ya aiko mata da ƙwayoyi a leda daga kemis. Ya kira ni a waya, murya a sama, babu ko gaisuwar kirki.

"Baba, ka ga abin da nake gudu. Tun da Inna ta shigo gidan nan kajin ba su sake lafiya ba."

Tabawa tana kusa, ta ji. Ta karɓe wayar ta ce, "Saifullahi, ni na kawo maka cuta? To ba ni ɗiyata in tahi da cutata." Ya kashe.

Na hau mashin na tafi Anka. Na tarar da mota a ƙofar gida ana loda kaji cikin keji. Wasu kajin ko tsayuwa ba sa iyawa, wuyansu a lanƙwashe, ruwa na zuba daga baki. Waɗanda suka kusa mutuwa an yanka su an fige an cusa a buhu.

Na ce, "Ina za a kai su?"

"Gummi, gobe kasuwa. Na buhun kuma akwai masu gasa kaji a Bukkuyum da ke jira."

"Ba kai ka ce mini doka ta hana sayar da marar lafiya da wadda ke kan magani ba?"

Ya yi 'yar dariya ya sosa ƙeya. "Baba, wannan ai ta turawa ce. In ta sha wuta da yaji wa zai sani? In na tsaya bin wannan sai in tashi babu komai."

Na lura da yadda abin yake. Duk dokar da za ta taɓa aljihunsa ta turawa ce, ko ta masu fili. Duk wadda za ta hau kan Hidaya kuwa, wannan ko limami bai isa ya ɗaga ta ba.

Na ce yau da ita zan tafi. Ya ce 'yan tsakin ɗaki ba su kamu ba, su ne suka rage masa, in wuta ta mutu sun mutu. Ya roƙe ni da Allah in bari ya dawo daga Gummi. Hidaya ta leƙo daga zaure, fuska a kumbure, leɓe a bushe, ta ce, "Baba, ka bari ya dawo. Kada a ce kai ka kashe mini aure." Ta faɗa a gutsure, kalma biyu ta huta. Na tsaya har motar ta tashi. Ya bi ta a mashin, bayan ya ɗana kwaɗonsa a gabana.

Washegari da hantsi wata maƙwabciyarsu, Zinatu, ta kira ni. Ta ce sun ji faɗuwar abu da kukan kaji, sun kira Hidaya ta katanga ba ta amsa ba. Mijin Zinatu ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon. Sun same ta a ƙofar ɗaki a kife, da tiren gawayi a gefenta, zani ya jiƙe da jini. Sun kai ta asibiti.

Ban san yadda muka iso Anka ba. Na tarar an sa mata robar iska a hanci. Kafin la'asar ta haihu, namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi kamar a rufe shi da tafin hannu biyu. Ya yi kuka siriri. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka sa shi a kwalba. Na yi ta kiran ubansa waya ba ta shiga. Da na ga yadda ƙirjin yaron ke faɗawa, na nemi izini na matsa kusa, na yi masa huɗuba da kaina. Na sa masa Nuraddeen. Na je na raɗa wa uwarsa, ta gyaɗa kai, hawaye ya gangara cikin kunnenta.

Saifullahi ya iso da yamma, da ƙurar hanya a jikinsa. Bai shiga ɗakin marasa lafiya ba, ya tsaya daga baranda, wai daga nan gida zai wuce wurin 'yan tsaki. Ya ce sannu, Allah Ya ba da lafiya. Sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Baba, su wa suka fasa ƙofar? An ce har mata sun shiga ɗakin da takalma."

Na dubi bakin da ya yi wannan tambayar, na ga baki ne irin na kowa, da haƙora da harshe.

Yaron bai kai kwanan suna ba. Aka yi masa salla aka kai shi. Uban ya zo, ya tsaya a sahu, ya karɓi gaisuwa da kai a sunkuye yadda ya dace. A wurin zaman makoki kuma na ji wani yana tambayarsa yadda kasuwar Gummi ta kasance, ya gyara zama ya shiga bayani. Hajiya Salamatu ta ce wa Tabawa haƙuri, kwanansa ne ya ƙare, yara ne za su sami wani. Ba wanda ya ambaci gawayi, ba wanda ya ambaci kwaɗo.

Da aka sallami Hidaya ban nemi izinin kowa ba, na sa ta a mota muka taho Sunke. Likita ya ce ƙirjin ya taɓu, kada ta sake kusantar hayaƙi ko ƙura. Uwarta ke yi mata wankan jego, jegon da babu jariri. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta a hanya.

Ba ta gama wanka ba suka zo biko, shi da Malam Tasi'u, da ledar lemo da turmin atamfa. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Malam Tasi'u ya yi doguwar nasiha a kan ƙaddara da haƙurin zaman aure. Da ya gama, Saifullahi ya ce ya yi gyara, ya fasa wata ƙaramar taga ta sama a ɗakin. Ya ce an yi masa alkawarin sabon zubi ranar Laraba, yana so ta koma kafin nan ta kintsa wurin.

Ashe tana bayan ƙofa tana ji. Ta fito ta dafa bango, ta gaishe da Malam Tasi'u, ba ta dubi mijin ba.

"Baba, zan koma. Amma a tambaye shi abu guda. Mi ne ne sunan ɗan da na haifa mishi?"

Saifullahi ya dubi ƙanen ubansa, ƙanen ubansa ya dubi tabarma. Can ya ce, a hankali, kamar mai gyara wa yaro kuskure:

"Ai bai kai suna ba."

Hidaya ta juya ta koma ciki tana bin bango. Na naɗe gefen tabarmar da nake kai, na ce su ɗauki lemonsu, rana tana yi, hanya ba kyau. Malam Tasi'u ya fara cewa a duba zumunci. Na ce mu haɗu gaban alƙali, can a duba.

Maganar tana can har yanzu. Shi kuma ya zuba kajinsa ranar Larabar, an ce ƙanwarsa Humaira aka kawo ta riƙe ɗakin kafin a ga yadda za a yi. Ba wanda ya ƙaurace masa. Yana sahun gaba a masallaci, ana sayen kajinsa, ana turo masa samari su koyi sana'a. Mutane suna kallon gidan da aka kulle mace mai ciki da kaskon gawayi, suna cewa ga gidan mai tsari. Da a ce duka ya yi mata da sanda, da an sami masu cewa bai kyauta ba. Amma bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa zaginta ba, dokoki kawai ya bi, waɗanda ya zaɓa.

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga Anka sayen maganin Hidaya, na haɗu da wani tsohon abokina, Makau, a bakin kemis. Bayan gaisuwa ya ce ya ji abin da ya faru, amma in yi haƙuri ya faɗa mini gaskiya, na yi gaggawa. Samari irin Saifullahi ba su da yawa a wannan zamani, yaro mai natsuwa, mai ladabi, ga neman na kansa.

Na ce, "Makau, kai za ka ba shi ɗiyarka?"

Ya kawar da kai ya dubi titi. Ya ce ai sun riga sun turo, ana shawara.